Ƙasar da Yaya Ya Ɗiba

Har yau in na ji mutum ya dawo daga asibiti yana murna wai an auna jininsa ba a ga komai ba, sai in ce masa barka, in ja bakina in yi shiru. Mu dai ranar da aka ce jinin maigidana tas yake, ranar ce masifa ta shigo mana ɗaki.

A Samaru muke lokacin, a layin ma'aikatan gonar gwaji, 'yan shekaru kafin a ba ƙasar nan mulkin kai. Ɗaki ɗaya ne da ɗan madafi a baya, maƙwabta kuwa in ka yi tari sai sun ce maka sannu. Maigidana helma ne, shi ke gaban leburorin da ke aikin fegin auduga da na gyaɗa. Ni kuma ina goyon ɗana na fari, ga ƙuruciya, ga baki. Ba na ɓoyewa, ina da baki, kuma a lokacin ko birki ba shi da shi.

Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, shi ma a gonar yake aiki, amma ba a Samaru yake kwana ba. Yana Sabon Gari, wajen Chikaji, da matarsa mai sayar da tuwo kusa da tashar jirgi. Kullum da sassafe ya hau kekensa ya taho. Aikinsa ɗiban ƙasa ne. Turawan gonar suna da wani ɗaki inda suke auna ƙasa, su ga wacce ta gaji, wacce ke neman taki. Yaya ake aikawa da ɗan ƙaramin shebur da 'yan jakunkunan yadi, ya bi fegi-fegi, ya tsuguna, ya ɗiba, ya ƙulle, ya kai musu. Babu wanda bai san wannan ba a layinmu, har yara suna kwaikwayonsa da gwangwani.

Haka kuma babu wanda bai san Yaya bai so aurena ba. Mu tun zamanin babanmu muke zuwa majami'a. Maigidana kuwa shi kaɗai ne ya shiga a gidansu, uwarsa da sauran dangi suna ƙauyensu can gaba da Shika, suna kan gargajiyarsu. Yaya ya taɓa faɗa a gaban mutane cewa ba zai kai ƙanwarsa gidan da ake yanka wa iskoki kaza ba. Daga baya ya sauko, har shi ya ɗauko mini gado a kan kekensa, suka zama abokan hira da maigidana. Amma waɗanda suka ji maganar farko ba su manta ba.

Da farkon damina aka yi bikin wani abokin aikinsu a Sabon Gari. Maza suka je suka ci, suka sha ruwan randar gidan biki, suka dawo mana da atuni. Kusan rabin layin ya kwanta, murɗa da jini da majina, bayan gida kuwa sai an yi layi. Ya yi kwanakinsa ya wuce, kowa ya koma bakin aiki, har maigidana. Mun ma manta.

Sai bayan 'yan makonni, wata safiya maigidana ya sauko da ƙafa daga gado ya ƙwalla ƙara. Na ce, "Lafiya? Kunama ce?"

Ya ce, "Diddigena. Kamar na taka ƙusa."

Na ɗaga ƙafar na duba, ba ƙaya, ba tsaga, ba komai. Kafin mako ya zagayo gwiwar ɗaya ƙafar ta kumbura ta yi suntum, ga zafi in ka taɓa. Idanunsa suka yi ja suna kwantsa. Wani ɗan yatsan ƙafarsa ya cika tun daga tushe har farce. Da ƙyar, yana kallon bango, ya gaya mini fitsari ma yana yi masa zafi. Da safe ƙugunsa ya riƙe ƙam, sai rana ta ɗaga yake ɗan saki. Mutumin da ke zagaye gona tun safe har la'asar, ga shi sai na tallafe shi yake kaiwa ƙofa.

Aka aika wa uwarsa, wadda nake kira Iya. Ta zo da ƙunshin saiwoyinta ta shimfiɗa tabarma a ɗakinmu. Aka kira wanzami ya kafa ƙaho a gwiwar, ba ta ko motsa ba. Da motar gona za ta shiga gari aka sa shi a baya, ni da Iya muka bi shi asibiti.

Likitan Bature ne, wani malamin asibiti yana fassarawa. Ya dudduba, ya lanƙwasa, ya ɗebi jini. Sai ya fara tambaya. Ya yi zawo kwanan baya? Muka ce ya yi. A danginsu akwai mai ciwon gaɓoɓi, ko wanda bayansa ya sandare?

Iya ta yi caraf ta ce, "Babu."

Na ce, "Baffa fa, Iya?"

Baffa ƙanen mahaifin maigidana ne. Bayansa ya ƙage tun yana da sauran ƙarfinsa, in ka kira shi daga baya ba ya iya waiwaye, sai ya juyo da jikinsa duka. An ce marigayi surukina ma haka ya ƙare.

Iya ta watsa mini wani kallo ta ce, "Nasa na noma ne. Wa ya sa bakinki?" Malamin asibitin bai fassara wannan ba, ni kuma na haɗiye sauran.

Da muka koma karɓar sakamako, malamin ya tare mu da fara'a. Ya ce, "Jininka tas yake, ba a ga komai ba. Likita ya ce wani lokaci atuni ne ke barin irin wannan a gaɓoɓi. Ka sha ƙwayar nan, ka huta. Yana iya daɗewa, yana kuma iya tafiya da kansa."

Iya rabin farko kawai ta ɗauka. Tun a mota take cewa, "Ina ciki, ina diddige? Zawon da kowa ya yi, don me shi kaɗai zai gurgunce? Bature da madubinsa ya duba jini bai ga ciwo ba. To ciwon da ba ya cikin jini, a ina yake? Hannu ne."

Wallahi ni ma tambayar tana cina. Sai da na tsufa na sami amsar, lokacin da ɗan nan nawa da nake goyo ya zama magidanci, shi ma bayansa ya fara riƙewa, muka je asibitin Shika. Wani likita, yaro ƙarami, ya zaunar da ni ya yi mini bayani da Hausa. Ya ce akwai wani irin amosanin gaɓoɓi da ba ya fitowa a awon jinin da ake yi wa amosanin da aka saba gani. Ya ce yana bin wasu gidaje, ya fi kama maza, kuma tun suna samari. Mutum yana iya zama da gadonsa a jiki bai sani ba, sai wata cutar ciki irin atuni, ko ta mafitsara, ta zo ta tayar da shi. Jiki ya tashi yaƙar cutar, ya gama da ita, sai ya rasa tsayawa, ya juya kan gaɓoɓinsa. Shi ya sa mutane da yawa za su sha ruwa ɗaya, ɗaya ne kawai zai kwanta da gwiwa. Na ce masa, "Ɗana, Allah Ya yi maka albarka, amma ka makara."

A wancan lokacin kuwa, abin da ya rage wa Iya shi ne ta san hannun wa. Ba ta sha wahalar nema ba. Wata maƙwabciyarmu, mai bakin da ya fi nawa, ta zo gaisuwa ta zauna tana jimami, sai ta ce ita fa akwai abin da ta gani, amma ba ta son ta faɗa. Wanda ba ya son ya faɗa ai ba ya cewa haka! Ta ce ranar da ta je ciyawar akuya, bayan an ɗauke ruwa, ta ga maigidana ya ratsa gefen fegin gyaɗa, sawunsa ya fito raɗau a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Yana wucewa sai ga Yaya. Ya tsuguna daidai wurin, ya ɗiba, ya ƙulle a jaka.

Na miƙe tsaye na ce, "Aikinsa ke nan! A kansa ake biyansa! Ke ba ki san haka ba, munafuka?"

Ta ce, "Ni dai abin da na gani na faɗa. Gonar nan duk faɗinta, sai kan sawun?"

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da ake nufi da ɗiban sawu. A ɗebi ƙasar da ka taka, a kai inda za a kai, ciwo ya kama ka ta ƙafa. Ga shi kuwa ta diddige ciwon ya fara. Washegari Iya ta ɗaura gyalenta ta tafi ƙauye.

Kafin ta dawo magana ta riga ta canza kama. Daga "ya ɗebi sawu" ta koma "ya kama kurwa", daga nan kuma sai kalmar da ba a faɗa da ƙarfi, maye. Matan da ke zuwa ɗiban wuta a murhuna suka daina. In na fito da ɗana, sai ka ga uwa ta kira nata ciki wai zai ci abinci. Ai an ce maita a nono ake sha, kuma nonon da Yaya ya sha shi na sha. A bakin famfo na ajiye bokitina, aka ja na kusa da shi gefe. Na zage su tas, uwa da uba, na dawo ɗaki.

Iya ta dawo da Baffa. Ya zauna a bakin ƙofa a kan turmi, don ba ya iya zaman tabarma, ya ce sun je an duba. An ce wanda ya kama shi ne zai sake shi. Yaya zai zo, ya tuɓe riga, ya tsallake mara lafiya a gaban jama'a, yadda ake sa maye ya yi. In ya ƙi, za su ɗauke ɗansu su koma da shi gida, da jikansu, ni kuma in san inda na nufa.

Na juya wajen maigidana na ce, "Kana ji? Ka yi magana mana!"

Ya rame, idanunsa sun faɗa, ya kwana biyu ba barcin kirki. Ya ce, "Ni ban yarda da wannan ba, kin sani." Sannan ya ce, "Amma in ya tsallake, me zai rage shi?"

Kai! Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Me zai rage shi? Duk wanda ya tsallake ya amsa sunan ke nan, shi da 'ya'yansa har jikoki. Na san in na buɗe baki a lokacin aure ya mutu. Na goya ɗana na fita bakin hanya na tari mota zuwa Sabon Gari.

Na tarar da matar Yaya a rumfarta, tana ta kwasar tuwo, ma'aikatan jirgi sun cika benci, wasu na Hausa, wasu na Turancin buroka, kowa na miƙo kwano. Yaya yana bayan rumfar ya kifa kekensa yana liƙin taya. Ashe labari ya riga ni, don a gona ma leburori sun daina cin abinci kusa da shi.

Na ce, "Yaya, kada ka zo. Ko sun aiko, kada ka zo. Abin da ya kawo ni ke nan."

Matarsa ta bar tukunya ta zagayo, da mara a hannunta. Ta ce da shi ƙasa-ƙasa, "In ka tsallake, wa zai ƙara cin tuwona a garin nan? Ka dubi yaranka."

Bai ɗago ba. Ya ce da ni, "Mijin naki yana iya taka ƙasa?"

Na ce, "Ba ya iyawa."

"In ban zo ba fa?"

"Za su tafi da shi. Da yaron."

Ya dubi ɗan da ke bayana, ya ci gaba da goga roba. Can ya ce, "Ke, zauna ki ji. Tsallakawata ba ta warkar da kowa, ni na sani, ke kin sani. In na ƙi zuwa, har abada za a ce na ƙi sakinsa ne. In na je na tsallake, aka kwana aka tashi gwiwa tana nan yadda take, magana ta mutu. Su da kansu za su ji kunya."

Na yi masifa, na yi kuka, na ce taurin kansa ne zai kashe mu. Amma can cikin raina na ga kamar yana da gaskiya, har na ɗan ji sanyi. Sai da mota ta baro gari, muna tsakiyar hanyar Samaru, maganar malamin asibitin nan ta faɗo mini, cewa ciwon yana iya tafiya da kansa. In ya tafi bayan Yaya ya tsallake fa? Na so in sauka in koma, direba ya ce ba ya tsayawa a daji.

Ran Asabar da la'asar Yaya ya zo. Aka fito da maigidana aka kwantar a tabarma a gaban layi. Ban san Samaru tana da mutane haka ba, har daga layin masu gadi da na makanikai. Yaya ya jingine kekensa, ya gaida Iya, ba ta amsa ba. Ya cire farar rigarsa ta zuwa majami'a, ya ninke ta a hankali ya ɗora kan sirdi, ya rage daga shi sai gajeren wando. Babban mutum, mai 'ya'ya, a tsaye haka a gaban matan da ke kiransa malam.

Baffa ya juyo da jikinsa duka ya fuskance shi. Ya ce, "Kafin ka yi, gaya mana. Taka ta nono ce, ko ta saye?"

Na gane inda ya nufa. In ta nono ce, har da ni da ɗana. Na buɗe baki zan yi magana, Yaya ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Baffa, ba ni da ko ɗaya. Amma duk abin da za ku faɗa, ku faɗa a kaina. Ƙanwata ba ruwanta."

Sai na ji guna-guni ya zagaye wurin. Wata ta ce, "Kun ji ko? Ta saye ce." Haka suka ji shi, haka suka kai shi gaba.

Ya tsallake. Ya juyo ya sake, ya kuma sakewa, yadda Baffa ya ce. Maigidana ya rufe fuskarsa da hannu. Ni kuwa na tsaya ina kallon kowa ido cikin ido, na ce da ƙarfi, "To kun gani! Mu zuba ido mu ga ko zai tashi!" Yaya ya sa rigarsa, ya hau kekensa, ko ruwa bai sha ba.

Kwanakin farko ba abin da ya canza. Gwiwa tana nan, diddige yana nan. Ina zuwa famfo da kaina a sama, ina tambayar maƙwabciyar nan, "Ina warakar?" Iya ta fara sunkuyar da kai. Har wata ta zo ɗiban wuta.

Ni ke shafa masa man kaɗanya safe da yamma, don haka hannuna ne ya fara sani. Wata safiya na kama gwiwar na ji zafin ya ragu. Bayan kwana biyu fatar ta fara tamoji, ƙashin ya fara fitowa. Idanun suka washe. Mijina ne, uban ɗana, wata da watanni ina roƙon Ubangiji Ya tashe shi, ga shi yana tashi, ni kuma tsoro ya hana ni cewa na gode. Ban san me zan roƙa ba a lokacin, sai na daina roƙon komai.

Ranar da ya miƙe da kansa, ya dafa bango, ya taka har bakin ƙofa ba sanda, ina madafi. Guɗa na ji. Maƙwabciyar nan ce ta rangaɗa ta, sauran suka amsa. Iya tana rawa tana cewa, "Ya sake shi! Ya sake shi!" Kafin mako ya ƙare labari ya kai tashar jirgi. Aka ce matar Yaya tana wuni da tuwonta, da yamma ta juye wa awaki.

Duk da haka sai ga Yaya ran Lahadi bayan an tashi daga majami'a. Yana shigowa layi aka kwashe yara, wuri ya yi tsit. Maigidana yana tsaye a ƙofa, a kan ƙafafunsa, da ɗanmu a kafaɗa. Yaya ya sauka daga keke ya tsaya yana kallonsa, sai fuskarsa ta cika da murna, murna ta gaskiya, na san yayana.

Ya ce, "Kai, mun gode Allah! Ka taka in gani."

Maigidana ya taka. Ya ce, "Da sauƙi sosai." Bai dubi idonsa ba.

Yaya ya ce, "Madalla. Allah Ya ƙara sauƙi." Sai ya miƙa hannu biyu wajen yaron yana yi masa wasa, yaron kuwa ya washe baki yana zillo zai je.

Maigidana ya ja da baya kaɗan, ya mayar da shi ɗaya kafaɗar. Ya ce, "Barci yake ji."

Hannayen Yaya suka tsaya a sama. Ya dubi yaron, wanda idonsa biyu tar, ya dube ni. Sannan ya sauke hannun a hankali ya goge a rigarsa.

Ya ce, "To, a bar shi ya yi barcinsa."

Na bi shi har bakin hanya ina kira, ya ce in koma, rana tana dukan kaina. Kafin a cire gyaɗa a shekarar ya ajiye aiki, suka shiga jirgi shi da matarsa da yara suka bar Zariya. Sai bayan sun tafi aka gaya mini.